Hotuna 60 a WhatsApp ba kundin ayyuka ba ne

"Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne mai zane a Tudun Wada, Kaduna. Shekara shida ke nan ina zanen fuskokin mutane da fensir da gawayi, kwanan nan kuma na fara fenti a kan kanbas. A watan jiya wata Hajiya mai gidan baje kolin zane a Abuja ta ga aikina a falon wani kwastomana, ta ce in turo mata fotfoliyo. Na tattara duk hotunan da ke wayata, sun kai 60, na tura mata ta WhatsApp. Ta ce ta gode, daga nan shiru har yau. Malam, mene ne wannan fotfoliyon, yaya ake haɗa shi, kuma a ina na yi kuskure?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa hannu albarka. In na fahimce ka daidai, ba hannunka kake kokwanto ba, tunda Hajiyar da kanta ta nemo ka. Abin da ya ɗaure maka kai shi ne yadda aiki ɗaya ya jawo ta, sittin kuma suka sa ta yi shiru. To ɗayan nan da ta gani, a firam ta gan shi, a rataye, da girmansa, shi kaɗai a bango. Sittin ɗin kuwa faɗo mata suka yi a waya kamar an zazzage buhu a tsakar gida, da mai kyau da mai dama-dama da wanda ka yi kana koyo, ba suna, ba shekara, ba ma'auni, ƙila ma wasu da inuwar hannunka a kai. Ban ga hotunan naka ba, amma na sha karɓar irinsu, ni ma kuma na taɓa aika irinsu.

Abin da take nufi da fotfoliyo shi ne kundin ayyuka, wato zaɓaɓɓun ayyukanka kaɗan, a jere, kowanne da hoto mai tsabta da bayaninsa, tare da ɗan taƙaitaccen labarinka. Lokacin da muke karatu a Zariya, babbar jaka ce ta kwali mai igiya, mutum ya rungumo ta daga Samaru ya shiga mota da ita, yana faɗa da kwandasta kada a ɗora mata buhun masara. Daga baya muka koma wanke hotuna, sai faifan CD, yanzu kuma fayil ɗin PDF guda ɗaya. Jakar ta canza, amma aikinta yana nan: ta tsaya a madadinka a gaban wanda ba ka wurin.

Yana da kyau ka san abin da mai gidan baje koli take nema in ta buɗe kundin. Ba alƙalin gasar kamanni ba ce. Ita 'yar kasuwa ce mai biyan haya da ma'aikata da man janareta, kuma abin da gidajen nan ke ɗauka a kan kowane aikin da suka sayar yakan kama daga kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Saboda haka tana so ta ga ko kana da hannu naka wanda za a gane daga nesa, ko za ka iya cika mata bango da ayyuka goma sha biyar masu magana da juna, da kuma ko kai mutum ne da za a yi hulɗa da shi ba tare da ciwon kai ba. Wannan na ƙarshen ba a zanen ake ganinsa ba, a tsarin kundin ake ganinsa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma wanda ya kasa rubuta faɗin kanbas ɗinsa, wa zai amince masa ya kawo ayyuka kan lokaci?

Zaɓe, inda aikin yake

A nan nake so in daɗe, domin nan ne kusan kowa yake faɗuwa. Kundi mai kyau ba ya wuce ayyuka 12 zuwa 15, in ya yi yawa 20. Za ka ce ai na fi haka. Na sani, kowa ma ya fi haka. Amma mai dubawa ba ya auna ka da mafi kyawun aikinka, da mafi rauninsa yake auna ka. In ya ga tara masu kyau ya ga na goma hannun ya karkace, sai ya fara tambayar kansa ko taran nan sa'a ce, ko ma wani ne ya taya ka. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Ga yadda nake sa ɗalibaina su yi. Ka je wurin masu wanke hoto, a fitar maka da duka sittin ɗin ƙanana, girman tafin hannu, ko da a takarda ce ta kawai a shagon masu kwamfuta. Ka shimfiɗa tabarma, ka baza su, ka miƙe tsaye ka kalle su daga sama. A waya ɗaya bayan ɗaya kake gani, kowanne yana zuwa da labarinsa: wannan na kwana uku ina yi, wancan shi ya saya mini waya. A tabarma kuwa duk a ido ɗaya suke, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ka fara da kwashe waɗanda ka san ka yi su ne don kuɗin cefane. Sai ka kwashe masu kama da juna, ka bar wanda ya fi. Sai ka kira mutum biyu, ɗaya mai zane wanda ba ya jin kunyarka, ɗaya wanda bai san komai a harkar ba, ko da Inna ce, ka ga inda idonsu ya tsaya. Na taɓa ganin wata dattijuwa ta tsallake duk manyan fuskokin da ɗanta yake ji da su, ta nuna wani ƙaramin zanen gawayi na takalman almajirai a ƙofar zaure, ta ce wannan ne kawai ba ta taɓa gani a wurin kowa ba. Ita ta fi mu gaskiya ranar.

Wannan ya kawo ni kan maganar da ƙila ba za ta yi maka daɗi ba. Na san a cikin sittin ɗin nan akwai fuskokin 'yan fim, da mawaƙa, da 'yan siyasa, da 'yan ƙwallo, waɗanda ka kwafo daga hotunan da ka samo a waya. Su ne suke tara maka jama'a, su ne ake cewa "kai, kamar ya yi magana". Amma a wurin mai gidan baje koli ba su da nauyi. Hasken da ke fuskar, da yadda mutumin ya juya kai, da inda aka yanke hoton, duk shawarar mai kyamara ce, kai kwafa ka yi. Daga Kaduna zuwa Legas akwai ɗaruruwan matasa masu wannan gwanintar. Abin da babu shi da yawa shi ne wanda zai zauna a bakin Kasuwar Barci ya zana mai gwanjo yana gyangyaɗi a kan dilarsa, ko 'yan Keke Napep a layi a Kawo da sassafe, ko mata masu jiran jirgi a tashar Rigasa. Ba sabuwar magana ba ce. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a kan wannan batu: su ɗauki dabarar da malamansu Turawa suka koya musu, su zuba mata abin gida. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Mu kuma a nan muna zaune a kan zanen bangon gidajen Zazzau, da dagi, da zayyanar allo, da aikin wuyan babbar riga, muna ta kwafar fuskar ɗan ƙwallon Turai.

Ba ina nufin ka bar zanen fuska ba. Shi ke ciyar da kai, kuma sana'a ba ta da ƙarama. Abin da nake nufi shi ne ka yi kundi biyu. Ɗaya na kwastomomi, mai fuskoki takwas ko goma da girma-girman da kake yi da farashinsu, wanda za ka tura wa mai son a zana masa mahaifinsa ko amaryarsa. Ɗaya kuma na gidajen baje koli da gasa da neman tallafi, mai ayyukan da ba wanda ya sa ka, kai ka ga dama ka yi. In ka baza tabarmar ka ga irin waɗannan na biyun ba su wuce biyar ba, to ka gano matsalarka ta gaskiya, kuma ba kwamfuta ce za ta magance ta ba. Wata uku ko huɗu na aiki ne.

Wajen jerawa, ka buɗe da mafi ƙarfi, ka rufe da wanda ke bi masa. Tsakiya kuma ka haɗa masu dangantaka wuri guda, gawayi da gawayi, fenti da fenti. Tunda ka ce kwanan nan ka fara fenti, ka yi wa kanka adalci: in fentin bai kai gawayin ba tukuna, ka bar shi ya ƙara nuna.

Ɗaukar hoton aiki

Mafi yawan masu dubawa ba za su taɓa ganin kanbas ɗinka ba, hotonsa za su gani. Ba sai ka sayi babbar kyamara ba, Tecno ko Infinix ɗin da ke aljihunka za ta yi in ka bi ta a hankali.

Ka ɗauki hoton kafin ka kai wa mai firam, domin gilashi yana ɗauko taga da ƙwan lantarki da kai kanka. In fenti ne, kafin ka shafa masa man ƙyalli. Ka fito da aikin waje da safe, tsakanin takwas da goma, ka jingina shi a inuwar katanga inda haske yake ko'ina amma rana ba ta taɓa shi kai tsaye. Kada ka yi a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ganye yana yayyafa inuwa, kuma kada ka yi kusa da bango mai shuɗi ko kore, launinsa zai hau aikin. Ranar da hadari ya rufe rana ba tare da ruwa ba, ranar sallarmu ce. A lokacin hunturu kuwa hazo yana ba da haske mai laushi amma yana jan komai zuwa ruwan ƙasa, kuma ƙura tana kwanciya a kan baƙin fenti cikin minti kaɗan, don haka ka riƙe busasshen buroshi mai laushi a kusa.

Ka goge idon kyamarar da gefen rigarka, abin da kowa yake mantawa ke nan. Ka kashe filashi, ka kashe duk wani abin gyaran fuska da ƙara launi. Kada ka matso kusa, domin idon waya mai faɗi ne, yana kumbura tsakiya ya lanƙwasa gefe. Ka ja baya taku uku ko huɗu ka ɗan jawo hoton, ka daidaita wayar da tsakiyar aikin har sai gefuna huɗun sun yi daidai da gefunan allon wayar. In ba ka da abin kafa waya, ka ɗora ta a kan kujera da littattafai, ka sa mata ƙirgen sakan uku don kada hannunka ya girgiza ta. Ka ajiye farar takarda a gefen aikin a hoto na farko. In ka duba ka ga takardar ta koma shuɗi-shuɗi ko ruwan ɗorawa, ka san launin duka hoton ya kauce, sai ka gyara shi da manhaja irin Snapseed, wadda kyauta ce, har takardar ta dawo fara. Nan gyaran ya tsaya. Kada ka ƙara wa aikin kyan da ba shi da shi, domin ranar da aka kai shi Abuja aka ga ya fi duhu, sunanka ne zai ɓaci.

Fensir yana da tasa fitinar. Inda ka danna fensir mai laushi, irin 6B ko 8B, sosai, yana ƙyalli kamar gindin tukunyar alminiyam, sai baƙin ya fito fari a hoto. Maganinsa haske ya zo daga gefe, ba daga bayanka ba. Ka riƙa juya allon a hankali kana kallon wayar har ƙyallin ya ɓace. In dole sai da dare, fitila biyu iri ɗaya, ɗaya dama ɗaya hagu, kowacce a karkace da aikin, ka kashe sauran hasken ɗakin.

Daga nan ka yanke hoton daidai bakin aikin. Ba tayil, ba labule, ba yatsun ƙafarka. Ga manyan ayyuka biyu ko uku, ka ƙara hoto na kusa wanda zai nuna tafiyar buroshi ko hatsin gawayi a kan takarda.

Abu ɗaya game da WhatsApp: in ka tura hoto a matsayin hoto, matse shi yake yi don ya rage cin data, sai lallausar inuwar da ka kwana kana yi ta zama dabbare-dabbare. In ka tura shi a matsayin fayil, yadda yake haka zai isa. Ina kyautata zaton rabin kyan ayyukanka a hanya ya zube kafin ya kai wayar Hajiya.

Suna, shekara, ma'auni

Ƙarƙashin kowane hoto layi ɗaya ne: sunan aikin, shekarar da aka yi shi, kayan da aka yi shi da su, sai ma'auni. Misali: Mai Gwanjo, 2023, gawayi a kan takarda, santimita 60 x 42. A al'adar harkar, tsayi ake fara rubutawa kafin faɗi. Wasu suna amfani da inci, ba laifi, amma ka tsaya a kan ɗaya. In an sayar da aikin ka rubuta cewa yana hannun mai shi, ba sai ka ambaci sunansa ba. A waya, zanen da bai wuce littafin makaranta ba da wanda ya kai ƙofar ɗaki duk girmansu ɗaya, layin nan ne kawai yake raba su.

Matasa suna raina wannan, shi ya sa nake kai ɗalibaina gidan tarihi na Titin Ali Akilu. A nan jiharmu, a ƙasar Jaba, aka fara tono mutum-mutumin Nok a 1928 wajen haƙar kuza. Aikin yumɓu ne da ya haura shekara 2000, duniya ta sallama masa, amma ba a san sunan ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka gina su ba. Waɗanda ɓarayi suka tone suka fitar waje kuma, har inda aka same su ya ɓace, sun zama kaya kawai. Ka kwatanta da Ladi Kwali, wadda ke bayan naira 20. Tukwanen da ta yi a cibiyar tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, suna ɗauke da hatiminta na haruffa biyu, LK, kuma da shi ake gane su a gidajen gwanjo na Ingila har yau, shekaru bayan rasuwarta a 1984. Haka zanen Tutu na Ben Enwonwu, na 1974, wanda ya ɓace shekara da shekaru aka tsince shi a wani gida a Landan. An san shi, an san wanda ya yi shi da lokacin da ya yi shi, shi ya sa da aka kai shi gwanjo a 2018 ya haura fam miliyan ɗaya.

Ni ma ba da wa'azi na koyi wannan ba. Akwai wani fenti da na yi na masu wanki a bakin Kogin Kaduna, wanda har yau nake ganin ban yi kamarsa ba. Wani baƙo ya zo ya gani da yamma, ya biya, ya naɗe shi ya tafi, ni kuma kuɗin haya ya rufe mini ido. Ban ɗauki hotonsa ba, ban auna shi ba, ban rubuta lambar mutumin ba. Bayan shekaru aka nemi in kawo tsofaffin ayyukana don wani baje koli, na zauna ina kwatanta shi da baki kamar mai ba da labarin mafarki. Tun daga ranar na sayi babban littafi mai kwali irin na 'yan tireda. Kowane aiki yana da lamba, da suna, da rana, da ma'auni, da kayan aiki, da wanda ya saya da nawa ya saya. Lambar nan nake rubutawa da fensir a bayan aikin, ita ce kuma farkon sunan hotonsa a kwamfuta. Ka fara naka yau, tun ayyukan suna ƙirguwa.

Hotunan kuma kada su zauna a waya kaɗai. Ka san yadda waya take tafiya a garin nan, a Keke ko a cunkoson kasuwa. Asusun Google yana ba ka gigabait 15 kyauta, ka zuba manyan hotunan a Google Drive, ka ƙara kwafi a filash ka jefa a akwati. Kafafen sada zumunta ba ma'aji ba ne. Su ma suna matse hoto, ana kuma ƙwace asusu ko a rufe shi. Mun ga yadda aka dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, a ƙarshen 2021 ɗin kuma aka katse layukan waya a wasu sassan jiharmu.

Maganar da za ka yi a kanka

Kundin yana buƙatar rubutu biyu gajeru. Na farko bayanin aikinka, kalma 100 zuwa 150: me kake zanawa, da me, kuma me ya kai ka gare shi. A nan ne matasanmu suke ɗauko manyan kalmomin Turanci da ba su taɓa furtawa ba, kowa "yana binciken ruhin ɗan Adam". Mai dubawa ta karanta irinsa ɗari. Shawarata, ka fara faɗinsa da Hausa, da baki, kamar kana yi wa abokinka bayani a teburin mai shayi, ka naɗa a waya, sannan ka rubuta. In abin da ya fito shi ne "ina zana mutanen da ake wucewa ba a kallo a Tudun Wada, da gawayi nake yi saboda shi na taso ina gani a murhun gidanmu", to ya fi duk wani dogon Turanci. Daga baya ka sami wanda ya iya ya mayar maka, ka ce masa kada ya ƙara gishiri. Ba laifi ba ne ka sa harsunan biyu a shafi ɗaya.

Na biyu takardar tarihin aiki: inda aka haife ka, inda ka koya da wurin wa, baje kolin da ka shiga, ayyukan da aka ba ka. In a shagon wani mai zanen allon talla ka koya, ka rubuta haka, ba abin kunya ba ne. In ba ka taɓa shiga baje koli ba, kada ka ƙirƙira. Harkar nan ƙarama ce, daga Zariya zuwa Abuja zuwa Legas kowa ya san kowa, kiran waya ɗaya ya isa a gano.

Haɗa fayil ɗin shi ne mafi sauƙi. Da Canva ko PowerPoint ko Google Slides, ko a waya, za ka yi shi a yini ɗaya. Shafi a kwance, farin bango, aiki ɗaya a shafi ɗaya, rubutu iri ɗaya. Ba furanni a gefe, ba hotonka da baƙin tabarau a bangon farko. Sunanka da lambar waya da adireshin imel a farko da ƙarshe, kuma imel ɗin ya zama da sunanka na gaskiya, ba laƙabin da abokai ke kiranka da shi ba. Ka rage girman hotunan zuwa kamar fiksel 2000 a dogon gefe, ka fitar da shi PDF, ka yi ƙoƙari kada ya wuce megabait 10. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya haura 25, mai karɓa kuma da datarta za ta buɗe. Sunan fayil ɗin ya zama sunanka da shekara. Ka tura wa kanka, ka buɗe a wata wayar ka gani kafin ka tura wa kowa.

Izini da farashi

Fuskar da aka biya ka ka zana amana ce. Kafin ka sa hoton matar wani, ko 'yarsa, ko mahaifinsa da ya rasu a kundin da zai yi yawo a wayoyi, ka tambaya, kuma ka ajiye amsar a rubuce ko da saƙon waya ne. A garinmu wannan ba ƙaramar magana ba ce, na ga zumunci ya lalace a kanta. Ta fuskar doka, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana kare aikinka tun daga lokacin da ka yi shi, ba sai ka yi rajista ba, amma kamar yadda take kare ka haka take kare mai kyamarar da ka kwafi hotonsa. Ni mai zane ne ba lauya ba, in takarda ta kai ga sa hannu da wani gida, ka nemi lauya ya karanta maka ita. Tambarin suna da ake shimfiɗawa a tsakiyar hoto don tsoron sata kuwa, ban ga amfaninsa a kundi ba. Yana ɓata aikin, ɓarawo kuma ya san yadda zai goge shi.

Farashi kada ya shiga kundin gidan baje koli. Ka ajiye shi a takarda daban, sai an tambaya. In an tambaya kuma ka tuna da kason gidan, kada ka faɗi kuɗin da kake karɓa a Tudun Wada sannan a cire rabi ka dawo kana cizon yatsa. Kuma duk farashin da kuka tsayar, kada ka sayar wa wani a bayan fage da ƙasa da shi. Wannan ne yake kashe hulɗa da wuri.

Duk abin da na faɗa daga fenti da gawayi na ɗebo shi, su na yi rayuwata a ciki. Mai sassaƙa yana buƙatar hoto uku ko huɗu na kowane aiki daga kusurwoyi daban-daban, mai zane a kwamfuta kuma da masu ɗaukarsa aiki suna da nasu tsarin. Kuma kundi, komai kyansa, ba ya tilasta wa kowa ya ce e. Wani gidan ba ya sayar da irin aikinka, wani ya cika jadawalinsa na shekara. Na aika kundina wurare da dama ban ji ko tari ba. Amfaninsa shi ne ya kasance a shirye, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Gasar matasan masu zane da ake yi a Inugu kowace shekara tun 2007, da kasuwar zane ta ART X da aka fara a Legas a 2016, da bikin littattafai da fasaha da aka fara a nan Kaduna a 2017, duk irin waɗannan ƙofofin in za su buɗe, da wa'adi suke buɗewa, kuma kowannensu yana da adadin hotunan da yake so da girmansu. In sun ce biyar, ka ba su biyar.

Game da Hajiya, shirunta ba kora ba ce, kuma kada ka dame ta da "Hajiya kin gani?" kowace safiya. Ka ɗauki mako uku ko huɗu ka yi abin da muka zayyana. Aikin da ta gani a falon kwastomanka, ka roƙi mai shi ya bar ka ka je da safe, a cire shi daga firam, ka ɗauke shi da kyau ka auna shi, domin shi ya kamata ya buɗe kundin. Sannan ka rubuta mata layi huɗu: ka gaishe ta, ka tuna mata inda ta ga aikinka, ka ce wancan karon ka turo hotuna a warwatse, ga kundin a tsare yanzu, kuma in ta shigo Kaduna ƙofar ɗakin aikinka a buɗe take. Ka nemi imel ɗinta ka tura ta can. In kuma ta ce ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin fayil, ranar aiki, da hantsi.